Wa Ya Fasa Dam ɗin Injiniya?

Da hantsi ruwan ya janye, ya bar laka da karyayyun itatuwa da gawa biyu. Dam ɗin Injiniya ne ya fashe gari na wayewa. Katangar ƙasa mai tsayin mutum uku ta tsage a tsakiya, ruwan da aka tare shekara shida ya gangaro kwari a lokaci guda. Ya share lambuna, ya kwashe awaki, ya tafi da matar Mai lambu tana cikin tsinkar tumatir. Gawa ta biyu can ƙasa aka same ta, maƙale a saiwar bishiya. Auta ce, mai ginin tukwane, 'yar tsohon da kowa ke kira Mai-sawu.

Kafin a gama yi wa matan wanka, unguwa ta yanke hukunci. Ruwa ba ya tsami banza, in ji su, wani ne ya sare katangar da fartanya. Wa kuwa zai yi in ba makiyayin nan da Injiniya ya kora daga bakin ruwa ba? Ai da kunne aka ji shi yana cewa ruwan da aka hana shanunsa ba zai amfani kowa ba. Aka kamo shi, aka fasa masa baki, aka jefa shi sito inda ake ajiye abincin kifi. Sajan guda ne ya iso. Ya zauna a bakin ƙofa da kulkinsa yana ta gumi, don ya san in magariba ta yi motar da za ta ɗauki mutumin ba ta zo ba, gawa za ta zama uku.

Shi ya tare Mai-sawu a hanyar dawowa daga maƙabarta.

"Baba, na san yau ba ranar da za a neme ka ba ce. Amma mutanen nan har sun aika a sayo fetur."

Shekara arba'in tsohon yana bin sawun shanun sata da ɓarayin gona. Ya duba ƙasa ya gaya maka mutum nawa suka wuce, wa ke ɗingishi, wa ya ɗauki kaya. Ya dubi Sajan da jajayen idanu.

"Ba don makiyayinka zan je ba. In shi ne, ni zan fara ɗaukar dutse."

Ya leƙa gida, ya ga matarsa zaune cikin mata, ta rungume 'yar da Auta ta bari, yarinyar da ko yaye ba a yi mata ba. Ya ɗauki sandarsa ya fita.

*

Injiniya dai ba injiniya ba ne. Dillalin taya ne da ya samu duniya, ya sayi kwarin, ya kawo katafila, ya yi wata uku yana tsaye da hular kwano yana nuna yatsa, sunan ya bi shi. Ya zuba kifi, ya ja ruwa zuwa gonar ayabarsa, ya zagaye komai da waya. Yanzu ga shi a kan guntun katangar da ya rage, yana tattare riga kada laka ta taɓa.

"Baba, Allah ya ba da haƙuri. Ka ga abin da hassada ta yi min? Kifi dubu takwas!"

Mai-sawu ya wuce shi kamar bai ji ba. Ya nufi gefen dama, inda aka bar makwarara don rarar ruwa ta riƙa fita in dam ya cika. Katako huɗu ya gani an jera an toshe bakinta, an danne da buhunan ƙasa.

"Wannan fa?"

"Ai don kada kifi su bi ruwa ne. Kowa na yin haka," in ji Injiniya.

Gaskiya daɗi tsohon ya ji. Ya so ƙwarai ya zama mutumin nan ne. In ruwa ya rasa hanya ya haura ta saman katanga, magana ta ƙare, an kama mai laifi da hularsa. Ya sauka ta cikin dam ya nemi layin da ruwa ke bari, na ganye da kumfa da tsinke. Ya same shi, ya auna da hannu, ya sake aunawa. Kamu ɗaya cur tsakanin layin da saman katanga. Katakon ya ƙara wa ruwa nauyi, babu shakka, amma ruwa bai haura ba.

Ya duba leɓen tsagar, gabas da yamma. Babu saran fartanya ko ɗaya. Saman ya rufta ne kawai, kamar rufin ɗakin da aka zare wa ginshiƙi. Wato daga ƙasa abin ya fara.

*

Sawun makiyayin bai yi wuyar samu ba, takalmin roba ne mai tsage a dunduniya. Can saman ruwan yake, nesa da katanga, inda waya ta ɓalle. Shanu goma sha ɗaya sun shiga sun sha sun fita. Duk sawun kuwa ruwan sama ya yi masa zanzana, ruwan da aka yi jiya da la'asar. Bayan ruwan, ƙafar mutumin ba ta sake taka wurin ba.

Ta ramin ƙofar sito suka yi magana.

"Ka ce ruwan ba zai amfani kowa ba?"

"Na faɗa, Baba." Muryar na fita da ƙyar saboda kumburin leɓe. "Saniyata ta mutu da ƙishi ina kallon ruwa ta cikin waya. Me kake so in ce, Allah ya ƙara masa? Baki ne kawai. Ko fartanya ba ni da ita."

"Jiya ka shayar a ɓoye."

Makiyayin ya ce, "In a kan wannan za su kashe ni, to na yi."

Wani daga cikin matasan da ke zagaye da sito ya ɗaga murya: "Tsoho, kada ka ɓata mana lokaci! Ga fartanyar can an tsinta!"

*

An tsinci fartanya kuwa, a gindin katanga ta gefen da bai fashe ba. Mai-sawu ya juya ta, ya ga ƙotar da aka ɗaure da igiyar tumatir. Ya ɗauke ta har ƙofar gidan Mai lambu, inda ake zaman makoki na biyu. Ya ja shi gefe.

"Taka ce?"

Mai lambu ya dube ta, ya sunkuyar da kai.

"Tawa ce. Tiyo nake binnewa ta kan katanga, in ja ruwa kaɗan zuwa lambu. Tun kakana rafin nan ke ratsa gonarmu, mutum ɗaya ya zo ya sa masa kwaɗo. Amma wallahi ramin bai kai taƙi ɗaya ba. Je ka gani."

Ya riga ya gani. Tiyon na nan a kwance, ramin ɗan ƙarami, katangar wurin ko gezau ba ta yi ba. Mai lambu ya kama hannunsa da hannu biyu, hawaye na bin gemunsa.

"Baba, ni da kai ciwonmu ɗaya. Ka nemo mana shi. Ko ɗan uwana ne, ka faɗa."

"Zan faɗa," in ji Mai-sawu.

*

Mai gadin dam yana zaune a bukkarsa yana gyaran tocilan da ba abin da ya same ta. Mutum ne mai tsoron rasa aiki, sai da aka yi ta jan maganar kamar ana cire ƙaya.

"Wata uku ke nan gindin katangar na tsattsafo da ruwa. Da fari garau yake fita. Daga baya ya koma ruwan laka."

"Ka gaya wa maigidanka?"

"Sau uku. Na farko ya ce kowane dam na gumi. Na biyu ya ce sai bayan damina. Na uku ya ce in ina da ilimin dam, in je in gina nawa."

"Ka taɓa ganin wani a gindin katangar, wajen dogayen ciyayin nan?"

Mai gadi ya kwance tocilan ya sake ɗaurawa.

"Ni kifi aka ce in yi gadi, Baba. Ruwa nake kallo, ba na kallon baya."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

"Baba, don Allah ka je gida ka zauna da mutanenka. Yau ka binne 'ya."

Mai-sawu ya daɗe yana kallonsa. Ya sha ganin mai ɓoye laifin kansa, idonsa rawa yake yi. Wannan tausayi ne a idonsa, kuma tausayin shi ya tsorata tsohon.

*

Ta gefen hagu ruwa bai kai ga ciyayin ba. Ya sa sanda ya buɗa su, sai ga wata 'yar hanya siririya da ƙafa ɗaya ta daɗe tana takawa. Ya durƙusa.

Ƙafar mace ce, ba takalmi. Zuwa katanga sawun sama-sama yake. Dawowa kuwa dunduniya ta nutse, taku ya gajarta, alamar kaya mai nauyi a ka. Sawu kan sawu, na kwanaki da yawa, duk ruwan jiya ya yi musu zanzana. Guda ɗaya ne sabo fil, na safiyar yau. Ya tafi har bakin tsagar, inda ƙasa ta ƙare. Bai dawo ba.

Bai buƙaci aunawa ba. Ƙaramin yatsan hagu ya hau kan ɗan uwansa, don haka yatsu huɗu ne ke fita a ƙasa. Tun tana tatata ya san wannan sawun, a tsakar gidansa. A wurinsa ta gado shi.

Ya zauna daɓas a cikin laka. "Ke kuwa me ya kawo ki nan?" ya faɗa a fili. Ya ce wa kansa wanki ta zo, ko ɗiban ruwa. Amma mai ɗiban ruwa ba ta ɓuya a ciyawa, kuma ya fi kowa sani.

Gidan Auta na kan tudu. Mijinta, tela, yana zaune a ƙofa shi kaɗai, ya miƙe da ya ga surukinsa.

"Ina take ajiye yumɓunta?"

Idon tela ya tafi bayan kicin. Can aka tara shi, an rufe da jiƙaƙƙen buhu, tudu guda har ƙugu. Kusa da shi ga tukwane bakwai da randa biyu suna shan iska, ba a gasa ba tukuna. Mai-sawu ya ɗauki curi guda ya ɓara. Ya rabe gida biyu sumul, kamar an yanka. A fuskar da ta buɗe, ga layuka a jere, faɗinsu ɗaya, tazararsu ɗaya. Sawun ƙafar katafila ne.

Nan komai ya faɗo masa. Kafin dam, a tsakiyar kwarin nan ramin yumɓun mata yake, wanda uwar Auta ta haƙa, kakarta ma ta haƙa. Shi katafila ta kwashe ta jera hawa-hawa, tana bi tana dannewa, ya zama cikin katangar, don yumɓu ne ke riƙe ruwa. Sauran ramin ruwa ya shanye. Tun daga nan mai son yumɓu sai ta yi tafiyar rabin yini, ta dawo da mai yashi wanda ke fashewa a wuta. Mata da yawa suka bar sana'ar. Auta ta ƙi bari, kuma ita ta san inda yumɓunsu ya koma.

"Tun yaushe?"

"Tun bayan haihuwa," in ji tela. "Ta ce da goyo ba za ta iya tafiyar nan ba. Ta ce inda ke jiƙe a gindin katanga ya fi laushi, hannu ma na ɗiba. Na hana ta, Baba. Ta yi dariya ta ce tudu guda, me daro ɗaya zai rage masa? Har ramin ya kai tana shiga da rarrafe."

Sai ya faɗi ya riƙe ƙafar tsohon.

"Baba, ka rufa mata asiri. Ni da mai gadi kaɗai muka sani. Yanzu zan kwashe in zuba a masai. Ka tuna da yarinyar nan. Haka za ta tashi ana nuna ta, ga 'yar wadda ta fasa dam, ta kashe matar mutane?"

"Makiyayin fa?"

"Ai mota za ta zo ta tafi da shi. Ya yi shekarunsa ya fito."

Mai-sawu ya dubi rana. Ta riga ta karkata, kuma daga nan ana jiyo hayaniyar bakin sito tana ƙaruwa. Ya so ya ce to. Wallahi ya so, har bakinsa ya buɗe. Sai ya naɗe curin a bakin rigarsa, ya zare ƙafarsa a hankali daga hannun surukinsa.

*

Motar ba ta zo ba. Sajan ya tara su a gaban sito: Injiniya a kan kujerar roba, mai gadi a bayansa, Mai lambu da 'yan makokinsa, tela can nesa, sai matasa da jarkarsu ta fetur. Aka fito da makiyayin a ɗaure aka zaunar da shi a ƙasa.

Mai-sawu ya dogara da sandarsa.

"Wannan mutumin ya saci ruwa jiya kafin a yi ruwan sama, bai ko matso kusa da katanga ba. Fartanyar da kuke ɗagawa ta Mai lambu ce, tiyo ya binne da ita, wurin kuma na nan lafiya. Ba wanda ya sare dam ta sama. An bar jaki ana dukan taiki."

"To wa ye?" aka yi ca.

"Ku bari in gama. Injiniya ya toshe makwarara da katako saboda kifi, ruwa ya hau inda bai kamata ba. Wata uku katangar na zubar da ruwan laka, an gaya masa sau uku, ya yi kunnen uwar shegu. Da ya buɗe makwarara ya rage ruwa, da ya aiko ko mutum ɗaya ya leƙa gindin katangar, da yau ba mu haƙa kabari ba."

Injiniya ya miƙe yana kumfar baki. "Kai tsoho, ka iya bakinka! Ruwa ya haura ne? Faɗa musu, ya haura?"

"Bai haura ba."

Da ya tsaya a nan, da jama'a sun bi shi. Ya gani a fuskokinsu, har wasu sun fara juyawa wajen kujerar roba, mai jarka ma ya juya. Amma ba wannan ne abin da ƙasa ta gaya masa ba. Ya kwance bakin rigarsa, ya miƙa wa Sajan curin.

"Duba. Yumɓun da Allah ya ajiye ba ya zuwa da sawun katafila. Wannan daga cikin katangar aka ɗebo shi, ta ƙasa, daro bayan daro, har ramin ya kusa isa ga ruwa. Jiya aka yi ruwan sama, dam ya ƙara nauyi. Yau da safe aka sake ɗiba, sai ya ɓalle."

"Wa ya ɗiba?" in ji Sajan.

Mai-sawu ya dubi Sajan. Ya ji tela ya fashe da kuka a baya.

"'Yata ce. Auta."

Sai salati ya ɓarke, da guna-guni. Mai lambu ya tako har gabansa, ya tsaya yana kallonsa.

"Na yi mata salla," ya ce. "A sahu ɗaya da matata na yi mata salla." Ya tofar da yawu a gefen ƙafar tsohon, ya juya, mutanensa suka bi shi.

Injiniya kuwa fuskarsa ta washe kamar an yi masa bushara. Ya gyara riga, ya ɗaga hannu sama.

"To jama'a, kun dai ji da kunnenku, daga bakin ubanta. Ɓarna aka yi min. Amma ni ba mai riƙo ba ne. Kifina, katangata, duk na bar wa Allah. Baba, na yafe mata."

Har da masu cewa Allah ya saka masa da alheri. Maganar katako da ruwan laka ta bi iska, ba wanda ya sake tayar da ita. Sajan ya rubuta abin da zai rubuta, ya ce tunda mai laifi ta rasu, sai a yi haƙuri. Ya kwance makiyayin. Mutumin ya tashi da ƙyar, ya dafe haƙarƙari, ya bi hanyar daji ba tare da ya waiwayi kowa ba. Matasan suka ɗauki jarkarsu suna ƙunƙuni, kamar waɗanda aka hana kallo.

*

Labari ya riga shi isa gida. Matan da suka cika tsakar gidan da rana duk sun watse, sai tabarmi da kofuna a warwatse. Matarsa na zaune a bakin ƙofar ɗaki, jikar na barci a cinyarta. Ba kuka take yi ba.

Ya tsaya a gabanta. Ya so ya yi mata bayanin fetur da jarka, da mutumin da ke cikin sito. Ba ta ba shi dama ba.

"Shekara arba'in ina zuba maka ruwa a gora kana bin sawun mutane," ta ce, ba tare da ta ɗago ba. "Wani ka yi kwana uku, wani ka yi mako, ka dawo ƙafa a kumbure. Wannan dai ba ta ba ka wuya ba. Ba ta gudu ba, ba ta yi musu ba."

Ta ɗauki yarinyar ta shiga ɗaki, ta sa sakata.